Ina Tabon Rana Yake Zuwa?

Idan hunturu ya kankama a Darki, hazo ya lulluɓe hanyar Wudil, rana kan fito da safe ba ƙarfi, har da'irarta ta fita sarai. A irin wannan ƙura ne masanan ƙasar Sin suka riƙa hango baƙin tabo a fuskarta, suka rubuta tun shekaru dubu biyu da suka wuce. Kada dai mai karatu ya gwada, hazo ba ya hana ido ƙonewa. Tabon kan yi kwanaki ko makonni yana gusawa, sannan a neme shi a rasa. To, mene ne shi, kuma ina yake zuwa?

Gusawar aka fara ganewa. A 1612 Galileo ya riƙa zana tabban kullum, ya ga ashe rana ce ke juyawa da su, zagaye guda cikin kwana 27 ga mai kallo daga nan. Sai Heinrich Schwabe, wani mai harhaɗa magani a Jamus, wanda wata duniyar yake nema kusa da rana. Bai same ta ba, amma bayan shekara 17 yana ƙirga, ya bayyana a 1843 cewa tabban na yawaita su ragu bi da bi. Yau an san zagayen na kai kimanin shekara 11.

Baƙin fa? A 1908 George Hale, a dutsen Wilson na Amurka, ya tsaga hasken tabo da na'ura, ya ga layin da ya kamata ya zama ɗaya ya rabu. Maganaɗisu ke yin haka, kuma na tabon ya ninka na duniyarmu sau dubbai. Shi ke danne zafin da ke tasowa daga cikin rana, wurin ya tsaya wajen digiri 3,500 alhali kewayensa na 5,500, sai ya yi duhu a ido.

Nan ne maganar ta ɗaure. Maganaɗisu mai girman haka ba ya mutuwa cikin wata guda. Da a lissafi ne, sai ya yi ɗaruruwan shekaru. Amma tabo na ɓacewa.

Robert Leighton ya kawo amsa a 1964, kuma a ganina ita ce mafi daɗi a labarin. Fuskar rana tafasa take yi kamar tukunyar koko: zafi ya ɓullo a tsakiya, ya bazu gefe, ya nutse. Manyan guraben tafasar kan kai faɗin kilomita 30,000, su yi kwana ɗaya ko biyu su watse, wasu su maye gurbinsu. Su ke gutsurar tabon kaɗan-kaɗan, su tura gutsattsarin gefensu, yau nan, gobe can. Inda gutsuren maganaɗisun arewa ya ci karo da na kudu, su kashe juna. Waɗanda suka tsira, wani malale mai tafiyar mita 10 zuwa 20 a daƙiƙa ya ja su zuwa ƙuryar rana ta sama da ta ƙasa. Can suke taruwa shekara da shekaru har su rinjayi maganaɗisun da suka tarar, arewa ta koma kudu. Sai an yi haka sau biyu, shekara 22 ke nan, rana ke komawa yadda ta faro.

Kumbon SOHO da aka harba a 1995 ya ƙara nuna cewa ko inda babu tabo, fuskar rana cike take da ƙananan maganaɗisu da ke sabuntuwa cikin awa 40 ko ƙasa da haka.

Zagayen da muke ciki, na 25, ya fara a Disambar 2019, hukumar NASA ta sanar da kaiwarsa ganiya a Oktobar 2024. Yawan abin da zai taru a ƙuryoyin nan da wajen 2030 shi masana za su duba su ƙiyasta ƙarfin zagaye na 26.