Daga Burtsatse Zuwa Moɗa: Inda Ruwan Ƙasar Gumel Ke Lalacewa

Duk faɗin masarautar Gumel, tun daga Sule Tankarkar zuwa Gagarawa, daga cikin garin Gumel har bakin iyaka a Maigatari, babu kogi ko ɗaya da ke gudana rani da damina. Kogin Haɗeja yana can kudu, ya bar wannan ɓangaren da yashi da jigayi. Damina wata uku ce zuwa huɗu, ruwan da ake samu a shekara wajen milimita 500 zuwa 600 ne, abin da ya taru a tafkuna kuwa kafin bazara ya ƙafe. Saboda haka kusan duk ruwan da ake sha a nan daga ƙarƙashin ƙasa ake haƙo shi, ko ta rijiya da guga, ko tuƙa-tuƙa, ko burtsatse mai sola, ko famfon gwamnati, wanda shi ma burtsatse ne ke ɗura masa. Yankin yana cikin kwarin Tafkin Chadi, inda yashi da laka suka hau kan juna hawa-hawa, ruwan kuma yana kwance a cikin yashin.

Wannan baiwa ce. Ruwan da ya ratso yashi mai zurfi ya riga ya sha tata, yakan fito garai-garai, babu laka babu gansakuka. Sai dai wannan hasken nasa shi ne ya sa muka saki jiki da shi.

Tun muna yara a makarantar zaure aka karantar da mu yadda ake gane ruwa mai tsarki. A Ahalari da Ishmawi da Risala siffofi uku ake dubawa, wato launi da ɗanɗano da wari. Idan najasa ba ta sauya ko ɗaya ba, ruwan ya halatta a yi alwala da wanka. Hukuncin daidai yake a muhallinsa, domin malamai maganar ibada suke yi. Mu ne muka ɗauko ma'aunin alwala muka kai shi bakin randa. Ƙwayar cutar kwalara ba ta sauya launin ruwa, ta taifot ba ta da wari, gubar dalma ba a jin ta a harshe. Ruwa yana iya cika sharuɗɗan nan uku cif, ya kuma kwantar da gida guda.

Wanda ke ganin an zuzuta maganar, ya tambayi mutanen Tibiri ta Gobir, kusa da Maraɗi. A 1985 aka haɗa wa garin ruwan famfo daga wata burtsatse mai zurfi, aka yi murna an huta da rijiyoyi. Ruwan yana da haske, yana da daɗin sha. Ashe duwatsun da ya kwanta a cikinsu sun cika shi da sinadarin fuloraid, har ya ninka abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi, wato miligiram 1.5 a kowace lita, fiye da sau uku. Haƙoran yara suka fara rinewa, daga baya ƙafafu suka gwame, ƙasusuwa suka lanƙwashe. An shafe kimanin shekara 15 ana sha kafin a daina. Yara dubbai abin ya taɓa, ɗaruruwa suka nakasa har abada, lamarin da ya kai ga wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam da ke birnin Faris ta fitar da rahoto a kansa a 2002. Babu wanda ya zuba guba a ruwan Tibiri. Gwajin da ya kamata a riƙa yi a kai a kai ne ba a ba shi muhimmanci ba.

Ban kawo wannan don in ce ruwan Gumel irin na Tibiri ba ne. Kowace burtsatse da irin ƙasar da ta huda, biyu ma a unguwa ɗaya suna iya bambanta. Abin da labarin ya nuna shi ne, ido ba ya wanke burtsatse daga zargi, sai ɗakin gwaji. Nijeriya kuwa tana da ƙa'idar ruwan sha a rubuce, wadda hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, ta fitar a 2007 aka kuma sabunta ta a 2015. Ta ƙayyade fuloraid da dalma da naitiret, ta kuma ce kada a samu ƙwayar E. coli, wadda ke nuna bayan gida ya taɓa ruwa, ko guda ɗaya a cikin mililita 100.

Amma a ganina babbar ɓarnar ba a can ƙasa take faruwa ba, a hanya take, tsakanin bakin burtsatse da bakin mai sha.

A ɗauki famfon cikin gari. Ba kullum yake kawo ruwa ba, sai an samu wuta ko man inji ko rana ta buɗe wa sola. Muddin bututu yana cike da ruwa mai ƙarfi, ko da ya tsage, waje ruwan zai riƙa tsartuwa, ƙazanta ba ta samun hanyar shiga. Da zarar an ɗauke, sai bututun ya koma zuƙa, duk abin da ke kewaye da tsagar ya shige ciki. Yanzu a dubi inda bututan gidajenmu suke bi. Siririn bututun roba ne, an ja shi daga babban layi, ya ratsa kwata, ya bi gindin katangar makewayi, inda ya fashe an ɗaure shi da tsinken robar taya. Wani gidan ma saboda ruwan ba ya da ƙarfin hawowa, an haƙa rami a ƙofar gida an yanke bututun a can ƙasa, yaro ya shiga ciki da bokiti yana tara. In aka yi ruwan sama ramin ya cika da abin da ya gangaro daga turken awaki da lungu, bakin bututun yana nutse a ciki. Shi ya sa ruwan farko bayan an dawo da famfo yakan zo da duhu-duhu, ruwa kuwa ba ya tsami banza. Wannan na farkon a bar shi ya zuba a shuka ko a wanke tsakar gida da shi.

Inda famfo bai kai ba, 'yan garuwa ne ke riƙe da gari, kuma ba don su ba da unguwanni da yawa sun kwana da ƙishi. Sai dai a leƙa cikin jarkar. Mafi yawa tsofaffin jarkokin man girki ne, bakinsu ƙanƙane, hannu ba ya shiga balle a cuɗa. Bayan 'yan watanni cikin ya yi kore. Murfin ya ɓata, an toshe da leda. A garin kan iyaka irin Maigatari, inda jarka ke ɗaukar fetur yau gobe ta ɗauki wani abu, mai sayen ruwa yana da haƙƙin ya tambayi tarihin mazubin. Haka galan ɗin maganin feshi da manomi ya gama da shi a gonar riɗi, ya ɗauraye ya mai da shi gorar ruwan zuwa gona. Roba tana shan wannan maganin, ɗauraya ba ta fitar da shi duka.

Daga nan sai randa. Babu abin da ya kai ruwan randa daɗi a watan Afrilu, kuma ni ba na cikin masu cewa a fasa ta. Illarta faɗin baki da moɗa. Moɗa ɗaya ce, mai gida ya sha, baƙo ya sha, yaron da ya fito daga makewayi bai wanke hannu da sabulu ba ya zura hannu har wuyan hannu ya ɗebo, a ajiye ta a ƙasa, kaza ta bi ta kai, a sake mayarwa. Binciken gidaje da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2016 zuwa 2017 ya gwada ruwa a wurin ɗiba da kuma a kofin da ake sha. A wurin ɗiba an samu E. coli a wajen kashi 77 cikin 100, a cikin gida kuwa abin ya haura kashi 90. Wato har wanda ya ɗebo mai kyau, sau da yawa kafin ya kai baki ya ɓata shi da hannunsa.

A watan Oktoba na 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Nijeriya da ta rabu da bahaya a fili. Abin alfahari ne, an kuma sha wuya kafin a kai nan. To amma nasarar ta zo da nata aikin. Dubban masai da aka haƙa yanzu suna cikin gidaje, a ƙasa mai yashi wadda ruwa ke ratsawa da sauri. Shawarar da ma'aikatan tsafta suka saba bayarwa ita ce a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya. A tsohuwar unguwa, inda aka raba gidan gado kashi huɗu, ina za a samo mita 30? Masan wannan gida yana jingine da rijiyar maƙwabci, katanga ce kawai a tsakani, ita kuwa katanga iyakarta saman ƙasa. Yashi mai zurfi yana tare ƙwayoyin cuta da yawa, amma ba ya tare naitiret, sinadarin da ke fitowa daga bayan gida da kashin dabbobi da takin zamani. Ƙa'idarsa miligiram 50 a lita. Babba ba ya jin komai, jariri ɗan ƙasa da wata 6 kuwa yana iya hana jininsa ɗaukar iska har leɓɓansa su yi shuɗi. Tafasawa ba ta korar sa, ƙara masa kauri ma take yi. Ga wani dalili kuma da zai sa kaka ta haƙura da ɗura wa jinjiri ruwa don wai ana zafi, a bar shi da nonon uwa zalla.

Kowa ya tuna daminar 2021. A shekarar an samu fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da amai da gudawa a Nijeriya, fiye da 3,500 suka rasu, Jigawa kuma tana sahun gaba tare da Bauchi da Kano da Zamfara. A irin wannan lokaci ne ake rabon kulorin, ana shela a masallatai da rediyo. Da cutar ta lafa sai a koma gidan jiya.

Maganin a cikin gida ba mai tsada ba ne. Alif da garin 'ya'yan zogale suna kwantar da laka, amma ba su isa su kashe cuta ba, nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Mai kashewa ita ce tafasa, ko kulorin da aka zuba bisa awo aka jira minti 30. Wanda itace ya yi wa tsada, yana da ranar da Allah ya hore wa wannan yanki kyauta: ruwa mai haske a gorar roba fara, a shanya a kan kwanon rufi awa 6 cikin rana mai ƙarfi. Randa kuma a yi mata murfi da ludayi mai dogon hannu wanda ba a kai shi baki, ko a sa magini ya fitar mata da kan famfo a gindi.

Ba a ruwa kaɗai gida ke ɓoye abin da hanci da ido ba sa kamawa ba. Da hunturu ana shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga, ko a tayar da janareta a soro don tsoron ɓarayi. Iskar da ke kisa a nan ba ta da launi ba ta da wari, barci kawai take sa mutum, shi ya sa ake wayar gari a tarar da iyali a kwance. Hayaƙin girki da kara da itace ya fi yin aikinsa a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020, mata da yaran da ke goye a bayansu su ne a bakin murhu. Ɗaki mai cunkoso marar taga kuma shi ne abokin sanƙarau, wanda a farkon 2023 ya addabi ƙananan hukumomi huɗu na masarautar Gumel har aka yi musu allurar rigakafi ta gaggawa. Maganin ƙwarin nan fiya-fiya da ake zubawa a gorar lemo a tura ƙarƙashin gado, wannan kam kowace asibiti ta san labarinsa.

Sai kwalli. Na san wannan magana ba ta yi wa iyayenmu mata daɗi. Kwallin dutse mai ƙyalli yawancinsa ma'adinin dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Nijeriya a birnin Boston da aka samu dalma ta yi yawa a jininsa, da aka gwada kwallin da ake sa masa sai aka ga fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Yaro yana murza ido ya kai hannu baki. Mun ga iyakar abin da dalma ke yi a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, inda aka riƙa daka duwatsun zinariya a tsakar gida, yara sama da 400 suka mutu. Ƙaramin awo ba ya kisa, ƙwaƙwalwa yake ci a ɓoye, sai yaro ya shiga makaranta a ce ba ya ganewa.

A da akwai duba-gari. Dattawa suna ba da labarin yadda mata ke rige-rigen wanke randa in an ce ya shigo unguwa, don zai buɗe ya leƙa, in ya ga tsutsa a ci tara. Ma'aikatan suna nan har yau a ƙananan hukumomi, abin da ya kamata a ƙara musu shi ne kayan aikin da ya wuce ido. Akwai 'yar kwalbar gwaji mai araha da ake zuba ruwa a ajiye kwana ɗaya zuwa biyu, in ya yi baƙi to akwai alamar ƙazantar bayan gida. Akwai na awon kulorin da ke ba da amsa nan take. Fuloraid da naitiret da dalma su ne ke buƙatar ɗakin gwaji, kuma jami'o'in Dutse da Kafin Hausa ba su da nisa, ga Kwalejin Ilimi a cikin Gumel da ɗalibanta na kimiyya waɗanda za su iya ɗibar samfur. Hukumar ruwa ta jiha da STOWA mai kula da ƙananan garuruwa da RUWASA ta karkara su raba aikin, a gwada kowace burtsatse ta jama'a sau biyu a shekara, ƙarshen rani da tsakiyar Agusta, har da na 'yan kasuwa masu sayar wa 'yan garuwa. A rubuta sakamakon da Hausa, boko da ajami, a jikin tankin, da kwanan wata.

In za a fara, a fara da kasuwar Maigatari. Duk ranar Alhamis fatake da dillalan dabbobi daga Nijar da kudancin Nijeriya suna cika ta, su wuni suna shan ruwan jarka da kunun zaƙi da zoɓon da aka dama da shi, da yamma kowa ya hau mota ya nufi garinsu.