Buƙatuna Ga Windows Mai Zuwa

A shekarar 2015, ana gab da sakin Windows 10, wani ma'aikacin kamfanin Microsoft mai suna Jerry Nixon ya faɗa a wani taron masana cewa wannan ce Windows ta ƙarshe. Abin da duniya ta fahimta shi ne ba za a ƙara fitar da sabuwa ba, sai dai a riƙa yi wa ta hannu kwaskwarima. Shekara shida maganar ta yi. Ranar 5 ga Oktoba, 2021, sai ga Windows 11. Tun daga nan masu bibiyar harkar kwamfuta suka shiga hasashen wadda za ta gaje ta, har suka raɗa mata suna Windows 12 kafin kamfanin ya ce uffan. Wasu suna zana fuskar da suke so ta zo da ita. Wasu suna roƙon a bar su su kai layin manhajoji gefe ko saman allo, tunda Windows 11 ta fito da shi a kafe a ƙasa. Mafi yawa kuwa zancensu bai wuce ƙirƙirarriyar basira ba.

Ga wanda bai saba ba, Windows ba ita ce kwamfutar ba. Kwamfuta ƙarfe ce da roba da wayoyi. Windows ita ce uwar manhajar da ke tafiyar da su, kuma matsayinta kamar na sarkin kasuwa ne: shi ke ba kowa rumfa, ya raba gardama, ya san wanda ya shigo da wanda ya fita. Word da Chrome da CorelDRAW duk a ƙarƙashinta suke cin kasuwa. Wayar da ke aljihunka ma tana da tata, ko Android ko iOS.

Ni sana'ata buga rubutu da tsara shafi. Kundin ɗalibai, katin ɗaurin aure, littattafan marubutan Hausa, duk ta hannuna suke bi kafin su je maɗaba'a, kuma a kan kwamfuta ta hannu nake aikin, irin wadda ta gama yi wa wani ofis bauta a Turai kafin ta iso gare mu. Saboda haka idan ana lissafin abin da ake so a gani a sabuwar Windows, nawa lissafin daban yake.

Babbar buƙatata ita ce kada ta kori tsohuwar kwamfuta. Windows 11 ta zo da sharuɗɗa: dole kwamfuta ta kasance da wani ɗan guntun tsaro da ake kira TPM 2.0, kuma idan ƙwaƙwalwarta ta Intel ce, kusan dole ta zama daga zubi na takwas zuwa sama, wato waɗanda suka fara fitowa a 2017. Duk wadda ta gaza, ko da lafiyarta ƙalau, an bar ta a kan Windows 10. Ita kuma Windows 10 an daina ba ta facin tsaro na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai dai ƙarin shekara guda ga wanda ya yi rajista ko ya biya dala 30. Kamfanin bincike na Canalys ya yi kiyasin cewa kwamfutoci kimanin miliyan 240 ne wannan mataki zai iya mayarwa bola.

To amma ba bola suke tafiya kai tsaye ba. Da yawa jirgin ruwa suke hawa zuwa Legas, su bi ta Computer Village a Ikeja da kasuwar Alaba, su ƙare a shagunan titin Beirut a Kano da makamantansu. Ɗalibin da mahaifinsa ya sayar da buhunan masara ya saya masa ta yin kundin kammala karatu, ita ya samu. Ƙananan makarantu da cibiyoyin da ke koya wa yara danna kwamfuta kafin jarrabawar JAMB, wadda ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, da irinsu suke cika ɗaki. Waɗannan mutane ba za su jefar da abin da ke aiki ba, za su ci gaba da amfani da shi babu faci. Wanda ya tuna da WannaCry ya san abin da hakan ke nufi. A watan Mayun 2017 wannan muguwar manhaja ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila da dama, kuma ta shiga ne ta wata kafa da an riga an fitar da facinta, sai dai bai kai ga kwamfutocin da ta kama ba.

Ban ce TPM banza ba ne. Yana ɓoye mabuɗan sirri a inda ɓarawo ba zai kai hannu cikin sauƙi ba, kuma na yarda sabbin kwamfutoci su zo da shi. Roƙona shi ne a fitar da wani nau'i marar nauyi, babu ado babu tarkace, wanda aikinsa kawai ya kunna tsohuwar kwamfuta ya riƙa toshe mata kafofi. Wannan ba mafarki ba ne. Akwai wani nau'in Windows 10 da ake sayar wa masu ƙera na'urori irin na cirar kuɗi da na asibiti, kuma an yi alkawarin ba shi faci har zuwa Janairun 2032. Ke nan ana ci gaba da yin facin. Abin da ya rage shi ne a buɗe wa mai ƙaramin ƙarfi ƙofa. Na san abokai za su ce in koma uwar manhajar Linux Mint, kyauta ce kuma tana rayar da tsohon ƙarfe. Gaskiyarsu ne, na kuma ba mutane da yawa wannan shawara. Sai dai mai aikin maɗaba'a da CorelDRAW yake cin abinci, ita kuwa ba a yin ta domin Linux.

Sai batun sabuntawa, wadda ke haɗa mu faɗa da abu biyu: data da wuta. Waɗanda ke tsara Windows suna zaune ne inda intanet ke zuba dare da rana a kan kuɗin wata. Mu kuwa awo muke saye, ga shi a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara farashi har kashi 50 cikin ɗari. Akwai wurin da za ka shaida wa Windows cewa datarka ta awo ce, akwai kuma damar dakatar da sabuntawa na mako biyar, amma suna can cikin saituna inda sai wanda ya sani. Ina so tun ranar da aka fara kunna kwamfuta ta yi tambaya a fili: intanet ɗinka na awo ne? In ka ce e, kada ta sauke komai sai ta faɗa maka nauyinsa ka amince. Ina kuma so mai gyara ya iya sauke sabuntawar wata sau ɗaya a filashi, ya bi kwamfutocin makaranta ɗaya bayan ɗaya da dannawa biyu, ba sai ya zama gwani ba.

Na wutar ya fi tayar mini da hankali. Duk mai kwamfuta ya san rubutun nan da ke cewa kada ka kashe, ana aiki. A garin da ake ɗauke wuta babu sallama, kuma batirin kwamfutar hannu ya daɗe da mutuwa, wannan umarni ba a hannunmu yake ba. Alhali an san maganin. Tun Android 7 a 2016 wayoyi da yawa suke ajiye uwar manhaja kashi biyu: kana aiki da ɗaya, ana sabunta ɗayar a ɓoye, idan an gama sai a sauya, idan abu ya lalace a koma ta farko. Kwamfutocin Chromebook ma haka suke yi. Microsoft da kanta ta fara ba manyan kamfanoni facin da ba ya buƙatar a kashe a kunna. Ina so wannan ya sauko har kan teburin mai shago.

A bar mutum kuma ya kammala kunna sabuwar kwamfuta ba tare da intanet ko asusun Microsoft ba. Wanda ke son asusu ya buɗe daga baya.

Yanzu ga wadda ta fi kusa da zuciyata. Duk wanda ya yi aikin buga Hausa a shekarun baya ya san wahalar ƙ da ɗ da ɓ. A shekarun 1990 Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro zubin haruffa masu lanƙwasa, irin su Rabi'at, kuma sun yi wa maɗaba'un Kano hidima ƙwarai. Matsalar irin wannan dabara ita ce idan ka kai aikin wata kwamfutar da ba ta da zubin, sai haruffan su rikiɗe su koma wasu alamomi. Tsarin Unicode ya warware wannan, domin ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, har da ƴ da ake rubutawa a Nijar. Windows ma tana da allon rubutun Hausa a cikinta. Amma ka tambayi masu buga rubutu goma, da wuya ka sami biyu da suka san da shi. Shi ya sa har gobe ake rubuta mana takardu da alluna babu lanƙwasa, yara suna tasowa suna ɗauka haka Hausa take.

Abin da nake so mai sauƙi ne. Idan mutum ya zaɓi Nijeriya ko Nijar a matsayin ƙasarsa, a nuna masa allon Hausa nan take. A bar shi ya danne k ya ɗan jima sai ƙ ta bayyana, kamar yadda yake yi a waya. Wurin neman fayil ya gane cewa wanda ya rubuta suna babu lanƙwasa yana iya nufin mai lanƙwasa, domin rabin takardunmu haka aka adana su. Jerin sunaye ya bi tsarin abacadarmu, ɓ bayan b, ɗ bayan d. Masu ajami su ma a ba su allonsu, da haruffa irin na rubutun allo da suka saba da shi, ba a tilasta musu na Larabcin Gabas ba.

Sannan murya. Windows tana da Narrator, mai karanta wa makafi abin da ke kan allo. Ina fatan ranar da zai karanta Hausa da karin sautinta daidai, kuma ba tare da intanet ba. Aikin ba ƙarami ba ne, domin rubutunmu ba ya nuna hawa da saukar murya ko tsawon wasali, sai na'ura ta fahimci jimla kafin ta san yadda za ta furta kalma. Amma an fara hanya: Google Translate ta ɗauki Hausa tun 2013, manhajar fassara ta Microsoft ta bi sahu a 2023, kuma shirin Common Voice na Mozilla yana tara muryoyin Hausawa masu sa kai. In dai za a cika sabuwar Windows da ƙirƙirarriyar basira, to ga inda za ta amfani dattijon da idonsa ya raunana da 'yar kasuwar da ta fi iya faɗa da baki.

Abin da ba na so daga wannan basira shi ne leƙe. A Mayun 2024 Microsoft ta sanar da Recall, wanda ke ɗaukar hoton allonka lokaci zuwa lokaci domin ka iya neman abin da ka taɓa gani. Masana tsaro suka yi ca, aka ɗage shi, aka mayar da shi sai wanda ya kunna da kansa. Daidai ke nan, kuma ina so ya zama ƙa'ida ga duk irinsa: ya zo a kashe, a kuma iya cire shi ɗungurungum. A shago irin nawa takardar gadon wani da sakamakon asibitin wata duk a allo ɗaya suke wucewa, kuma amana ce.

Na san ba duk abin da aka roƙa ake samu ba, har wanda kamfanin ya yi alkawari da bakinsa. A 2003 an nuna wa duniya WinFS, sabon tsarin adana fayil da aka ce zai zo da Windows mai zuwa, amma Vista ta fito a 2007 babu shi. Sai dai kuka yana aiki. Windows 8 ta cire maɓallin Start a 2012, jama'a suka ƙi, aka dawo da shi a shekarar da ta biyo. A cikin Windows akwai manhajar Feedback Hub, ana buɗe ta da danna maɓallin Windows tare da F, inda kowa ke iya rubuta buƙatarsa wasu su mara masa baya, kuma ana ganin yawan masu goyon kowace buƙata. Malaman Hausa na jami'o'i da kwalejoji, ƙungiyoyin marubuta da masu maɗaba'a su ne ya kamata su fara shiga, kuma in da za a bi ta tawa, da allon rubutu za a fara, tunda shi an riga an gina shi, fito da shi fili kawai ya rage.