Digirin Nazarin Lafiya Mai Haɗa Fannoni: Darasi Daga Fagge

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce bayyana abin da ake nufi da digirin farko na nazarin lafiya, watau kwas ɗin da ke tara ilmin kimiyya da na zamantakewa da harshe da ƙididdiga a hannun ɗalibi guda. Jami'o'i da dama a Amurka da Kanada suna ba da irinsa. Wanda ya kammala shi ba likita ba ne, ba ya duba majiyyaci. Aikinsa shi ne gane dalilin da ya sa cuta ke samun gindin zama a cikin al'umma, da hanyar tsare ta. Za mu kafa hujjarmu da abubuwa biyu da suka faru a Kano.

Darasi Daga Asibitin Zana

A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta kama mutane fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. Sanƙarau cuta ce ta rani, wadda ke yaɗuwa ta numfashi a ɗakuna masu cunkoso, irin waɗanda muka sani a Rijiyar Lemo da Sabon Gari, takan lafa da saukar damina. A cikin wannan hali ne kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana da ke ƙaramar hukumar Fagge. Yara kusan 200 aka sa a gwajin, 11 suka rasu. Iyaye sun yi ƙorafin cewa ba a fahimtar da su gwaji ake yi ba, kamfanin kuwa ya ce cutar ce ta kashe yaran. An sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a 2009 a kan dala miliyan 75.

Shekara bakwai bayan gwajin, watau a 2003, aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano saboda zargin an gurɓata maganin, ba a koma ba sai a Yulin 2004. Kafin nan cutar ta tsallaka zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai a Agustan 2020 aka tabbatar da cewa Afirka ta kuɓuta daga ƙwayar cutar ta asali.

Abin lura a nan shi ne, a 2003 ba a rasa magani ba, ba a rasa likitoci ba. Amana aka rasa, wanda maciji ya sara kuwa, in ya ga tsumma sai ya gudu. Sunan cutar ma kansa darasi ne. Bahaushe ya ce shan inna domin ya ɗauka iskar da ake kira Inna ce ke shanye ƙafar yaro. Ma'aikacin da ya san cewa ƙwayar cutar na bin bayan gida ta shiga ruwan sha, amma bai san abin da uwar yaro ta gaskata ba, rabin aikin kaɗai ya sani. Ba a shawo kan lamarin sosai ba sai da sarakuna da malamai suka sa baki.

Tsarin Kwas

A ganinmu ya kamata kwas ɗin ya tsaya a kan ginshiƙai huɗu. Na farko, ilmin jikin ɗan Adam da ƙwayoyin cuta. Na biyu, ƙididdiga da ilmin yaɗuwar annoba, domin ɗalibi ya iya karanta rajistar asibiti ya hango haɗari tun da wuri. Na uku, zamantakewa da addini da shari'a, musamman haƙƙin majiyyaci na a nemi yardarsa da harshen da yake ji. Na huɗu, Hausa da sauran harsunan unguwa, gami da nazarin aikin unguwarzoma da wanzami da maɗori. A ƙarshe a tura ɗalibi zangon karatu guda cikin unguwa, ya bi magudanar Jakara, ya san inda gidaje ke sayen ruwa.

Kammalawa

Wannan ra'ayi ba baƙo ba ne. Taron Alma-Ata na 1978 ya nuna cewa lafiya ta rataya a kan ilmi da noma da muhalli, Farfesa Olikoye Ransome-Kuti kuma ya ɗora manufar lafiya ta ƙasa ta 1988 a kan kiwon lafiya a matakin farko. Kayan aiki ma suna nan a Kano: Jami'ar Bayero, da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da makarantar horar da duba-gari, da kwalejojin ilmi inda muke koyar da ilmin kiwon lafiya. Matsalar ita ce kowane sashe na cin gashin kansa. Shawararmu ga mahalarta wannan taro ita ce sassan kimiyya da zamantakewa da harsunan Nijeriya su zauna su tsara manhaja ɗaya, kafin wata annobar ta sake tarar da mu a rarrabe.