Wa Ya Ce Bishiya Ce Ke Tara Sauro a Tsakar Gida?

Akwai wata ɗabi'a da ta ishe ni a unguwanninmu. Da zarar magidanci ya samu 'yan kuɗi, ko an sa ranar auren 'yarsa, sai ya ce zai gyara tsakar gida saboda baƙi. Madalla da wannan niyya. To amma mene ne gyaran? A kira mai gatari ya kwantar da darbejiyar da mahaifinsa ya dasa, a kira birkila ya malale ko'ina da siminti ko intalok, tun daga bakin soro har jikin banɗaki, ba a bar ko tafin hannu na ƙasa ba. In ka tambayi dalili, amsar da za ka ji a Kano ita za ka ji a Katsina da Maraɗi: "Ai bishiya ce ke tara mana sauro da macizai."

Tsakar gida ba sai an yi wa kowa bayaninta ba. Nan ake girki da shanya, nan mata ke cika ran suna, nan ake baza tabarma a sha iska idan an ɗauke wuta. Bari mu tafi kai tsaye ga zancen sauron nan.

Sauro ba ya haihuwa a kan reshe, ba ya haihuwa a ganye. A kan ruwa macen ke zuba ƙwai, su ƙyanƙyashe su zama 'yan tsutsotsin nan masu wutsil-wutsil da ake gani a tsohuwar randa, kuma a lokacin zafi cikin mako ɗaya zuwa biyu sun yi fiffike. In babu kwantaccen ruwa, babu sabon sauro, ko da gidanka ya kai kurmi yawan itatuwa. Gaskiya ne sauro kan laɓe a duhuwa da rana, amma haka yake laɓewa a ƙarƙashin gado da bayan labule da cikin kayan da aka rataye a ƙusa. Wa ka taɓa ji ya ƙone gadonsa saboda haka? Sassabe rassan ƙasa, iska ta riƙa ratsawa, magana ta ƙare.

Mai gida, zagaya gidanka da kanka bayan an ɗauke ruwa ka gani. Ga tsohuwar taya a bayan ɗaki cike da ruwa, ga gwangwanayen tumatir a gindin katanga, ga duro a buɗe, ga kwata ta toshe da leda ta yi kore. Duk waɗannan ka tsallake su, ka je ka huce a kan bishiyar da ba ta ci ba, ba ta sha ba. Abin takaici ma, simintin da aka zuba ba tare da an fitar da gangara ba shi ke yin kwari yana riƙe ruwa kwana da kwanaki, alhali da ƙasa ce da tuni ta shanye. Ka biya kuɗinka ka gina wa sauro wurin haihuwa.

Maciji kuwa abinci yake bi. Inda ɓeraye da kwaɗi suke, inda aka jibge itacen girki da ragowar bulo shekara da shekaru, nan za ka same shi. Masu cewa aljanu ne a tsamiya, addu'ar safe da yamma ta ishe su.

Yanzu dubi abin da aka saya da kuɗin. A watan Afrilu zafi kan kai digiri 40 a Kano, a Sakkwato ma ya zarce. Siminti yini yake yana shan rana, da dare ya riƙa amayo ta, sai tsakar gida ta koma tanda. Yaro ba ya iya taka ta ba takalmi da azahar, tsohuwa ba ta iya kwanciya a kanta bayan isha'i. Ran biki kuma, mutumin da ya sare inuwar kyauta shi ne zai je ya yi hayar kanofi, baƙi su zauna a ƙarƙashin tamfol suna fifita da gefen mayafi. Da damina sai wata fitinar. Lissafin ba shi da wuya: tsakar gida mai faɗin mita 10 da tsawon mita 10, in aka yi ruwan da ya kai milimita 50, ta karɓi lita 5,000, wato duro 25, ban da abin da indararo ke zubowa daga rufi. Ƙasa ba ta sha ko ɗigo ba, duk a lungu zai ƙare, ya ci gindin katangar maƙwabci. Haƙƙin maƙwabtaka da malamai ke ta yi mana wa'azi a kai, har da ruwan da ka tura masa.

To ya za a yi? Kafin ka sayi buhun siminti ko ɗaya, zauna da uwargida, domin ita ke yini a wurin, kai da dare kake ganinsa. Ita ta san inda rana ke faɗowa da la'asar, inda hayaƙin murhu ke bi ya shiga ɗaki, inda manyan tukwanen biki za su zauna ba tare da yara sun ratsa ta wurin ba. Sannan ka jira a yi ruwa mai ƙarfi, ka fito ka ga hanyar da yake bi da kansa. Wannan hanyar ita ce magudanarka. Ka ce wa birkila ya fitar da gangara kamar santimita 2 a kowace mita zuwa rariya, kuma kada ka sallame shi sai an kwara bokitin ruwa a gabanka ka ga ya wuce.

Siminti yana da wurinsa: hanyar da ake bi daga soro zuwa ɗakuna, wurin wanke-wanke, gaban kicin, da ɗan zagaye a gindin bango don kada ruwa ya ci tushe. Sauran fili a bar shi da burji ko yashi mai kyau. In dole sai intalok, a jera shi a kan yashi kada a liƙe tsakaninsa, a kuma bar wa kowace bishiya da'ira mai faɗi a gindinta. Iyayenmu mata da suke daɓe da makuba ba su taɓa daɓe gida kakaf ba.

Masu tsoron saiwa suna da 'yar gaskiya, ba zan hana su ba. Cediya da durumi ba na ƙaramin gida ba ne, saiwarsu na ɗaga bango ta kutsa shadda. Darbejiya da mangwaro ma suna son a ba su tazara mai kyau daga gini da rijiya. Amma wannan dalilin zaɓen iri ne. Mai ƙaramin fili ga gwaiba, ga lemun tsami, ga rumman, ga gwanda, ga zogale da zai ba shi inuwa kaɗan da kwaɗo mai yawa, ga lalle a jikin katanga. A dasa ta yamma da ɗakuna, don ranar la'asar ce ke gasa bango. A dasa a farkon damina, a Yuni ko Yuli, a zuba taki a ramin, a kewaye da waya ko bulo, in ba haka ba akuya za ta gama da dashen a yini guda. Ruwan alwala kaɗai ya isa ya raya shi da rani.

Rumfar zama kuma a juya mata baya ga gabas, domin ta can hadari ke tasowa da iska a ƙasarmu, hunturu ma daga arewa maso gabas yake busowa. In da kwano za a rufa, a ɗaga ta sosai, a sa zana ko asabari a ƙarƙashi don ya tare zafi. A yi dakali a gefe saboda tsofaffin da gwiwa ba ta barinsu zama a tabarma. Fitila mai aiki da hasken rana guda biyu, ɗaya a rumfa ɗaya a hanyar banɗaki, sun wadatar. Janareta a kai shi can nesa da rumfa da tagogi, don hayaƙinsa na kisa ba tare da an ji warin gubar ba. Rijiya a yi mata murfi mai kwaɗo kafin ranar taro, lokacin da gida ke cika da yaran da ba su san inda take ba kuma iyayensu mata na can wajen rabon abinci.