Yadda mai gida zai kula da firiji da na'urar sanyaya ɗaki kafin zafin bazara

A garin Disina da ke Ƙaramar Hukumar Shira, kamar sauran garuruwan ƙasar Katagum a Jihar Bauchi, hunturu ba ya tafiya sai ya bar ƙura a kan komai. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar Sahara tana kaɗowa da hazo, da zarar ta lafa kuma sai bazara ta kama, inda zafi kan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu.

A wannan tsakanin ne firiji da firiza da na'urar sanyaya ɗaki, wadda aka fi sani da AC, suka fi shan wahala, domin ana ɗora musu aiki mafi nauyi a daidai lokacin da ƙura ta toshe su. Ga matar da ke sayar da ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, mutuwar firiza karyewar jari ce. Amma kaso mai yawa na abin da ke kashe waɗannan na'urori, mai su na iya hana shi da hannunsa.

Ba sanyi suke ƙirƙira ba

Masana suna kiran dangin waɗannan na'urori da sunan famfon zafi, saboda aikinsu shi ne kwashe zafi daga wani wuri su zubar da shi a wani. Randa ma haka take yi: ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, ya tafi da zafin ruwan da ke ciki.

A cikin firiji da AC, wani sinadari ne da ake kira gas yake wannan aiki. Yana zagayawa cikin siraran bututu, ya tsotse zafi a ciki, sannan injin matsawa, wato kwamfuresa, ya tura shi waje ya amayar da zafin. Shi ya sa bayan firiji yake da ɗumi, akwatin AC na waje kuma yake huro iska mai zafi.

A Turai da Amurka ana juya aikin na'urar a lokacin sanyi, ta jawo zafi daga waje ta ɗumama gida. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 irin waɗannan na'urori ne suka biya kusan kashi 10 cikin 100 na buƙatar ɗumama gine-gine a duniya. Ko ɗumamawa ake yi ko sanyayawa, ƙa'idar ɗaya ce: duk abin da ya tare hanyar iska ya tare hanyar zafi, sai injin ya ƙara wahala, ya ƙara shan wuta, ya kuma tsufa da wuri.

Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ce bambancin shan wuta tsakanin famfon zafi da ake kula da shi da wanda aka yi wa sakaci sosai yakan kai kashi 10 zuwa 25 cikin 100. Tsabtace rariyar iska kaɗai, a cewarta, yana iya rage shan wutar AC da kashi 5 zuwa 15. Alal misali, na'urar da ke cin kilowat 1, idan tana aikin awa 8 a kullum, za ta sha yunit 240 a wata, kuma kashi 15 na wannan yunit 36 ne. Ga mai amfani da janareta, wannan fetur ne, wanda farashinsa ya ninka tun bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023.

Aikin da ke kan mai gida

Kafin a taɓa komai, a kashe na'urar a kuma cire ta daga soket.

Abu na farko shi ne rariyar iska, wato ragar roba da ke bayan murfin akwatin AC na cikin ɗaki. Ana zare ta da hannu, a kakkaɓe, a wanke da ruwa da ɗan sabulu, a shanya a inuwa har ta bushe sarai kafin a mayar. Kamfanoni da dama suna ba da shawarar yin haka duk mako biyu zuwa wata guda, a ƙasa mai ƙura kuwa gara a ɗauki mako biyun.

Na biyu, akwatin waje. A bar masa fili na kimanin santimita 60, kada a jingina masa kara ko buhuna, kada kuma a shanya tufafi a kansa. Siraran faifan ƙarfen da ke jikinsa ana share su da buroshi mai laushi, a bi tsayinsu a hankali, domin saurin lanƙwashewa gare su. Rumfa tana taimakawa idan tana da tsawo, ba ta kuma hana iska fita ba. A riƙa lura da ɓera da ƙadangare, waɗanda kan shiga su lalata wayoyi.

Na uku, bututun da ke fitar da ruwa. Ƙura da gansakuka, wani lokaci har ginin zanzaro, kan toshe bakinsa. Idan ruwa ya fara ɗiga a bangon ɗaki, a nan ya kamata a fara dubawa.

Firiji da firiza su ma suna buƙatar numfashi. A janye su daga bango da kamar tafin hannu, a nisanta su da murhu da hasken rana, a kuma share ƙurar bayansu. Ana gwada robar ƙofa da takarda: a rufe ƙofa a kanta a ja, idan ta zare ba tare da turjiya ba, robar ta saki. Idan ƙanƙara ta yi kauri a jikin firiza, a kashe a bar ta ta narke da kanta. Fasa ta da wuƙa yakan huda bututun gas. Firijin da aka ɗauko a kwance kuwa, a bar shi a tsaye na wasu awoyi kafin a kunna, domin man injin ya koma mazauninsa.

Matsalar wuta

Azare da kewayenta suna ƙarƙashin kamfanin rarraba wutar lantarki na Jos, wanda ke kula da jihohin Bauchi, Gombe, Filato da Binuwai. An ƙera na'urorin gida ne domin wuta mai ƙarfin kusan bolt 230. Idan ta zo da rauni, kwamfuresa kan yi ta yunƙurin tashi yana zafi har ya ƙone, don haka kashe na'urar ya fi barin ta tana gurnani.

Haka nan idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita nan take, ko aka koma kan janareta, a dakata minti 3 zuwa 5 kafin a kunna, domin matsin gas ya daidaita. Sitabilaiza mai jinkirta tashi tana yin wannan da kanta. Lokacin da babu wuta, rufe ƙofa shi ne dabara: hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ce firiji yana riƙe sanyin abinci kimanin awa 4 idan ba a buɗe ba, cikakken firiza kuma kimanin awa 48.

Batun "gas ya ƙare"

Gas ba fetur ba ne, na'ura ba ta shan sa. A rufaffen bututu yake zagayawa, saboda haka idan ya ragu, akwai inda yake yoyo. Ƙara gas ba tare da gano wurin an toshe ba zuba ruwa ne a kwando. Mai gida yana da haƙƙin ya nemi mai gyara ya nuna masa inda yoyon yake kafin ya biya kuɗi.

Wajibi ne kuma a zuba irin gas ɗin da aka rubuta a jikin na'urar. Yawancin sababbin firiji suna amfani da R600a, wanda yake kama wuta, sababbin AC da yawa kuma R32 ko R410A. Tsohon gas na R22 ana kan daina shi a ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ta 1987, wadda Nijeriya ke ciki, kuma wa'adin ƙasashe masu tasowa shi ne 2030. Mai sayen tsohuwar na'ura 'yar gwanjo ya kamata ya san da haka.

A nan iyakar mai gida take. Warin ƙonewa, ƙanƙara a jikin bututun AC, alamar mai a mahaɗar bututu, ko injin da ke tashi yana mutuwa, duk aikin gwani ne, kuma a kashe na'urar har ya iso. Ko babu matsala, yana da kyau gwani ya duba AC sau ɗaya a shekara.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan a Disina da Azare shi ne ƙarshen Fabrairu, bayan hazo ya lafa, kafin zafi ya tsananta layi ya yi tsawo a wurin masu gyara. Ba a fafe gora ranar tafiya.