Hadarin Gabas: Yadda Ake Hasashen Guguwar Farkon Damina a Jega, Aliero da Maiyama

Hadarin da ya fi ɓarna a ƙasar Jega, Aliero da Maiyama shi ne na ƙarshen bazara da farkon damina, daga Afrilu zuwa Yuni, tun ƙasa ba ta jiƙu ba. Ruwan Agusta ya fi shi yawa nesa ba kusa ba, amma wanda yake yaye kwanon makaranta, ya karya turakun lantarki, ya kwantar da rudun albasa, galibi wannan na farin ne. Wani lokaci ma iska da ƙura kawai yake kawowa, sai ɗan yayyafin da bai isa shuka ba.

Asalinsa karon iska biyu ne. Duk tsawon hunturu da rani, busasshiyar iska daga Sahara ce ke mulkin Arewa. Idan bazara ta kama, zafin Afrilu yana haura digiri 40, sai wata iska mai laima ta fara turowa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma. Ita ce ke kawo gumin da ke hana barci a ɗaki. Da fari ba ta da kauri, a ƙasa-ƙasa take tafiya, busasshiyar tana bisanta. Da rana ta gasa ƙasa, iskar mai laima takan yi zafi ta haura sama, ta huce, tururinta ya zama girgije. In ta sami hanya, girgijen yakan yi tsiri har ya wuce kilomita 15, kansa ya baje kamar uwar maƙera.

Haɗarin farkon damina yana cikin busasshiyar iskar nan. Ruwan da ya zubo daga girgije yakan ratsa ta, wani sashe nasa ya ƙafe tun bai taɓa ƙasa ba. Ƙafewar tana sanyaya iskar, iska mai sanyi kuwa nauyi gare ta, don haka sai ta rikito da ƙarfi, ta bugi ƙasa, ta bazu gaba da hadarin. Ita ce sanyayyar iskar da ake fara ji a fuska bayan wani ɗif da gari kan yi, kafin jan bangon ƙura ya rufe gabas. Gonaki a lokacin an yi sharar su, ba ciyawa ba dawa, babu abin da zai tare ta. Da damina ta zauna, sama ta cika da laima, ƙafewar takan ragu, ƙarfin iskar ma yakan ragu.

Manomi ya san cewa hadarin gaske daga gabas yake tasowa, kuma kimiyya ta yarda da shi. A tsayin kimanin kilomita 3 akwai wata iska mai gudu daga gabas zuwa yamma da ke jan hadari tare da ita. Gizagizan kan jeru su yi sahu mai tsawon ɗaruruwan kilomita, suna tafiyar kusan kilomita 50 a awa. Da yawansu sukan haɗu ne da la'asar a kan tsaunukan Filato ko na Azbin, su yi ta tafiya cikin dare, shi ya sa mutanen Kebbi sukan sha guguwa da tsakar dare ko da asuba. Irin wannan jerin hadari ne ke kawo mafi yawan ruwan da yankin Sahel ke samu a shekara, ba a rabuwa da shi ke nan.

Hasashe hawa-hawa ne, kuma rikita hawan ne ke sa a ce masu hasashe sun yi ƙarya. Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, NiMet, wadda aka kafa da dokar 2003, takan fitar da hasashen shekara a farkon kowace shekara: lokacin da ake sa ran damina za ta sauka, tsawonta, yawan ruwa, da inda ake tsoron tsayawar ruwa bayan shuka. A Yamai ma cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD suna irin wannan aiki don yankin baki ɗaya. Wannan hasashe yana da amfani ga mai zaɓen iri da mai tunanin yin binne, amma ba ya faɗin ranar guguwa. Hasashen kwana ɗaya zuwa uku, wanda kwamfuta ke lissafawa daga awon zafi, laima da iska, yakan nuna cewa sama ta nuna, ana iya samun hadari a Kebbi da Sakkwato. Faɗin garin da zai sauka da sa'ar da zai sauka shi ne mai wuya, musamman a Afirka ta Yamma inda tashoshin awo ba su da yawa. Tsakanin Jega da Aliero tafiyar 'yan mintoci ce a mota, amma ana iya lafta ruwa a nan, can ko ɗigo.

Inda hasashe ya fi kaifi shi ne na sa'o'i kaɗan. Taurarin ɗan'adam na Meteosat suna ɗaukar hoton saman Afirka duk minti 10 zuwa 15, suna auna sanyin kan girgije. Gwargwadon sanyinsa, gwargwadon tsayinsa da ƙarfinsa. Tunda an san inda hadari ya dosa da saurinsa, sauran lissafi ne. Gusau tana gabas da Jega da kimanin kilomita 250 a miƙe, jerin hadarin da aka gani a can zai iya isowa cikin awa biyar in bai watse a hanya ba. Daga Gummi, awa ɗaya da rabi. Shirin African SWIFT, wanda Jami'ar Leeds ta Ingila ta jagoranta daga 2017 tare da NiMet da wasu cibiyoyin Afirka, ya ba da ƙarfi ga horar da masu hasashe a wannan fanni.

Awa biyar ba ƙaramin lokaci ba ne ga mai albasa a Aliero da zai lulluɓe rudu, ko ɗan kasuwar Jega da zai kwashe kaya daga rumfa, ko mai kwale-kwale a Gulbin Zamfara, ko makiyayin da ke dajin Maiyama. Babban giɓi yana wajen isar da saƙon. Gargaɗin da ya tsaya a shafin intanet da Turanci bai kai gare su ba. Rediyo, saƙon waya da Hausa, da lasifikar masallaci sun fi kusa da su, kuma hukumomin agajin gaggawa da masarautu suna da hanyar haɗa wannan. Alamomin gargajiya kamar zuwan shamuwa da juyawar iska suna faɗin cewa lokaci ya yi. Ba sa faɗin daren.

Lamarin kuma ƙaruwa yake yi. Binciken da Christopher Taylor da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Nature a 2017 ya nuna cewa yawan hadari mafi tsanani a Sahel ya ninka sau uku tun daga 1982, kuma sun danganta hakan da ƙara ɗumamar Sahara. Don haka gyaran rufi aikin watan Maris ne: a duba ƙusoshi, a ɗaure katako da jikin gini da rodi ko waya, a sassabe rassan dogonyaro da suka rufa kan ɗaki.

Ga tsawa kuwa, kowa na iya auna nisanta da kansa. Ƙara tana cin kilomita ɗaya cikin daƙiƙa uku. Idan tsakanin walƙiya da ƙararta bai kai daƙiƙa 30 ba, hadarin yana cikin kilomita 10, kuma aradu tana iya faɗuwa daga wannan nisa. A lokacin ake barin fili, ruwa da gindin itace a shiga gini ko mota, kuma ba a fita sai an yi rabin awa ba a ji cida ba.