Rariyar da ke tankaɗe iska

Duk matar da ta taɓa tankaɗe garin hatsi a Icirnawa ta san halin rariya. Mai ƙananan idanu tana ba da gari mai laushi, amma sai hannu ya gaji kafin ƙwarya ta cika. Mai manyan idanu kuwa nan da nan an gama, sai dai tsaki ya bi gari. Wannan matsalar ta tsakar gida ita ce ta daɗe tana damun masana da ke son raba iskar kabon, wadda ke ɗumama duniya, da sauran iskar da ke fita daga bututun masana'antu.

Abin da suke tacewa da shi wani tantani ne na roba, wanda ya fi ledar kasuwa siranta nesa ba kusa ba. Ba shi da ramuka irin na rariya. Iskar tana jiƙa shi ne ta ɓullo ta bayansa, kamar yadda man ƙosai ke ratsa takardar da aka naɗe shi, kuma iskar kabon ta fi naitirojin saurin ratsawa. A 1991 wani masani a Amurka, Lloyd Robeson, ya tattara sakamakon robobi masu yawa, ya nuna cewa wadda ke barin iska ta wuce da sauri ba ta iya zaɓe sosai, wadda ta iya zaɓe kuma jinkiri gare ta. Ya sake lissafin a 2008, iyakar da robobin suka kasa ƙetarewa ta ɗan matsa gaba, amma tana nan.

Bambancin da ake nema a kama ƙanƙane ne ƙwarai. Faɗin ƙwayar iskar kabon nanomita 0.33 ne, ta naitirojin 0.36, kuma nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita.

Dabarar da aka fito da ita, masu ginin tukwane na Miriya za su gane ta tun kafin a gama bayani. Maginiya ba ta gina randa da yumɓu tsagwaronsa, sai ta zuba masa dakakken tsingaro ko ƙaiƙayi ta cuɗa. Haka masanan ke zuba wa narkakkiyar roba wani gari mai ƙofofi: gawayin da aka gasa musamman, ko ma'adinin ziyolait, ko wani sinadari da ake kira MOF, wanda Susumu Kitagawa da Richard Robson da Omar Yaghi suka sami kyautar Nobel a kansa a 2025. Kowace ƙwayar garin rariya ce ƙarama, mai idanu daidai wa daida. Roba tana riƙe jiki ta lanƙwasa ba tare da ta karye ba, garin kuma yana buɗe wa iskar kabon hanyar yanke.

A ganina wurin cuɗawar nan ne aikin yake. Rariya takan fara lalacewa ne ta bakin katako, inda raga ta saki, tsaki ya samu mafita. Idan roba ba ta manne da ƙwayar garin ba, sai ɗan fili ya rage a tsakaninsu, kowace iska ta bi ta nan ba tare da an tace ta ba. Idan robar ta cika kamawa, sai ta toshe ƙofofin. In an zuba gari da yawa kuma ya dunƙule kamar gudaji a kunu, tantanin ya tsage. Shi ya sa abin da ya yi kyau a faifai ɗan tafin hannu a ɗakin gwaji yake wahalar shimfiɗawa a dubban murabba'in mita da masana'anta ke buƙata.

Zancen bai yi mana nisa ba. Matatar mai ta SORAZ a arewacin Damagaram tana aiki tun 2011, an gina ta don tace ganga 20,000 a rana. Akwai kamfanin siminti a Malbaza, akwai na Sonichar da ke ƙona kwal a yankin Agadas. A bakin bututun irin waɗannan masana'antu iskar kabon take da kauri, kusan kashi 12 zuwa 15 cikin 100 a hayaƙin kwal, don haka nan ne tacewa ta fi sauƙi. Da zarar ta watsu a sararin sama, ba ta wuce kimanin 420 cikin miliyan ba, kamar tsintar gero a rairayi. Wannan tsintar ce gawon da manoman Matamai da Magarya da Miriya suka raina a gonakinsu tun shekarun 1980 yake yi a hankali, ganye bayan ganye.